Da keke a gaɓar kogin Yamai: yadda na bi hanyoyin masu garka da manoman shinkafa

Wanda ya fito neman allon da aka rubuta "hanyar masu keke" a bakin kogin Yamai zai daɗe yana nema. Amma hanyoyin suna nan. Masu garka ne suka fitar da su da sawunsu, da manoman shinkafa, da masu amalanken jaki da ke kwaso yashi, da Sarkawan da ke gangarawa wurin jiragensu tun da asuba. Abin da na yi a sanyin da ya wuce shi ne na bi su da keke, na haɗa wannan da waccan, har na samu zagayen da zan iya ce wa wani shiga ta nan, ka fita ta can.

Ni mutumin Tawa ne, aiki ya kawo ni Yamai, ina zaune wajen Wadata. A can gida babban ruwan da muka sani shi ne tabkin Tabalak. Da na zo nan sai ga kogi a tsakiyar gari, ruwansa nake sha kullum a famfo tunda daga Gudel ake jawo shi, amma ganina da shi bai wuce ta tagar taksi a kan gada ba. Wannan ya daɗe yana damuna. Da ƙafa ba za ka yi nisa ba, mota kuma ba ta shiga inda nake son shiga. Keke ne ya rage.

Sayen keken na yi shi a Katako, amma ban je ni kaɗai ba. Akwai wani dattijo mai gyaran keke a unguwarmu, shekara da shekaru yana ƙarƙashin dogon yaro guda da akwatin kayan aikinsa. Na gaya masa nufina, na ce, "Baba, keke nake so wanda zan bi bakin ruwa da shi." Ya ce in je in duba, in na ga wanda ya kwanta mini kar in biya sai ya gani. Haka aka yi. Wanda na fara nuna masa mai siririyar taya ne, mara nauyi, irin na ƴan tsere. Bai ko taɓa shi ba. Ya ce, "Ɗana, wannan na kwalta ne. Inda ka ce za ka, rairayi ne da ƙaya." Ya zaɓa mini wani na hannu mai faffaɗar taya da giya, ya ɗaga gabansa ya juya tayar yana kallon ko tana lilo, ya matsa birki ya tura, ya girgiza feda ya ji ko akwai wasa. Sannan muka yi ciniki.

Abin da ya yi wa keken bayan mun dawo shi ne ya fi sayen muhimmanci. Ya samo tsohuwar taya, ya yanke gefunanta, ya shimfiɗa tsakiyar a cikin tayoyina tsakanin robar ciki da ta waje. Keken ya ƙara nauyi kaɗan, amma ƙarangiya da tsidau ba sa kai ga robar ciki. Ƙayar aduwa da ta bagaruwa kam, ya ce, babu mai ɗaukar maka alkawari a kansu. Ya hana ni zuba wa sarƙa mai da yawa, domin mai yana kama ƙura, ƙurar ta zama abin da ke cin haƙoran keken. Ɗigo kaɗan, a goge da tsumma. Ya kuma koya mini cewa in zan shiga rairayi in rage iskar taya kaɗan, in na hau kwalta in mayar. Ya haɗa mini famfo ƙarami, da faci da gam, da robar ciki guda ta ajiya, da cokula biyu da ya lanƙwasa bakinsu don ɓare taya. A gabansa ya sa na cire taya na yi faci na mayar, sai da ya ga hannuna ya faɗa ya ƙyale ni. Na ƙara da ƙararrawa, da fitila, da hular kwano, da rawanin da nake rufe hanci in hazo ya sauko. Katin shaida kuwa kullum yana aljihu.

Sai zancen lokaci. Yamai gari ne mai zafi. A watan Afrilu da Mayu zafin yakan wuce digiri 40, kuma ba wanda zai ba ka shawarar tuƙa keke a fili a wannan lokaci. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne ake samun sararin. A Disamba da Janairu rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe 7, don haka in ka fito daga sallar asuba ka kama hanya, kana da awa uku masu daɗi kafin iskar gabas ta tashi. Wannan iska tana da tasiri a kan zaɓen hanya: gara ka fuskance ta da safe tana kwance, kana da ƙarfinka, ta turo ka a dawowa.

Kogin ma yana da nasa kalanda, kuma wanda bai san ta ba zai je ya tarar hanyar da ya bi jiya ta shige ruwa. Sau biyu yake cika a Yamai. Akwai cikar damana a Agusta da Satumba, ruwan ja wur saboda ƙasar da Sirba da Dargol da Gorwal ke kwasowa daga yamma. Akwai kuma cika ta biyu wajen Janairu, lokacin da ko ɗigon ruwan sama babu: ruwan da ya sauka a tsaunukan Gini ne, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali kafin ya iso mana, ya tace a hanya. Wato a daidai lokacin da ya fi daɗin hawan keke, kogin a cike yake. Hanyoyin da ke ƙasa-ƙasa kusa da ruwa ba sa biyuwa, sai na kan jinga.

Na fara da mafi sauƙi. Daga wajen gidan tarihi na Bubu Hama na gangara hanyar bakin ruwa ta Yantala na nufi Gudel. Kwalta ce, da sassafe ba motoci sosai. Hagunka kogi, tsakaninka da shi garake a jere: salati, shu, karoti, tumatir, zogale, da masu renon furanni da ƴaƴan itace a leda. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da na'ana'a yana tare ka tun kafin ka ga masu ban ruwan. A nan na fara lura da ƙananan hanyoyi da ke sauka tsakanin shinge da shinge. Ban kutsa ba. Na tsaya wurin wani mai garka na yi sallama, na ce "fofo", ya amsa da Zabarmanci, da ya ji harshena sai ya juya Hausa. Na tambaye shi ko wannan hanya tana ɓullewa. Ya ce tana ɓullewa, amma in tura keken da hannu har in wuce inda robar ban ruwansu ta gicciye, kar taya ta fasa ta. Daga ranar na riƙe wannan a matsayin ƙa'ida: in ka ga tiyo a ƙasa, sauka ka ɗaga keke.

Daga baya na mayar da wannan hanya zagaye. In na kai wajen Gudel sai in hau gada ta uku, wadda aka sa wa sunan Janar Seyni Kunce, aka buɗe a 2021, in sauka Harobanda, wato tsallaken kogi, in biyo ta Lamorde in dawo ta gadar Kennedy. Ta ukun tana da faɗi, mai keke yana samun gefensa. Kennedy kuwa ta 1970 ce, ƙunci gare ta, kuma in ƙarfe 7 da rabi ta yi ɗalibai da ma'aikata da faba-faba da kabu-kabu duk suna kanta, wani lokaci har da raƙuma ɗauke da tabarmi ko ciyawa. Ni kan sauka in tura a gefen masu ƙafa. Hakan ma ya fi, domin daga nan ne kake ganin masu wanki sun shanya tufafi kala-kala a gaɓa. Abu ɗaya: kada ka zaro waya ka hau ɗaukar hoto a kan gada ko kusa da inda jami'an tsaro suke. Ba lokacin wannan ba ne, kuma ba a buƙatar sai an gaya wa mutum sau biyu.

A Lamorde ana bin kan jinga, wato tudun ƙasar da aka tara don tare ruwa. A watan Satumba na 2020 kogin ya kai santimita 700 a ma'aunin Yamai, jingar nan ta ɓalle, ruwa ya shiga unguwa ya rushe gidaje. In kana bisa keke a wurin kana iya auna abin da idonka: ga kogi a wannan hannu, ga rufin gidaje a wancan, kuma ƙasan gidajen bai fi saman ruwan tsawo ba. Hanyar da nake bi don shan iska, ita ce katangar da ta raba mutanen nan da ambaliya. Tun da na gane haka ba na bin gefenta inda ƙasa ke zaizayewa, tsakiya nake bi.

Hanya ta biyu ita ce wadda ta fi shiga raina, kuma ita ta fi ba ni aiki kafin in haɗa ta. Ana farawa daga ƙasan gadar Kennedy a bi bakin ruwa ta Gamkalle. Hancinka zai gaya maka ka iso majema kafin idonka: fatu a shanye, ramukan jima, da tarin bagaruwa da ake dakawa. A wuce ƙarƙashin gada ta biyu, wadda ƴan Sin suka gina aka buɗe a 2011, a ɗan jure unguwar masana'antu da manyan motocinta, sai Saga. Daga kwaltar da ta nufi Kollo, in ka karkata dama, gari ya ƙare ke nan. Fadamar shinkafa ce shimfiɗe har inda ido ya tsaya.

Wannan fadama ba ruwan sama take jira ba. Injuna ne ke jawo ruwa daga kogi su zuba a babban kanal na siminti, shi kuma ya rarraba wa ƙanana, ƙananan su shiga fangali-fangali. Sau biyu ake noma a shekara, na damana da na rani. Hukumar ONAHA da aka kafa a 1978 ita ke kula da irin waɗannan filaye tare da ƙungiyoyin manoma. Abin da ya shafi mai keke shi ne kowane babban kanal yana da hanya a gefensa, ta ƙasa mai tauri, wadda amalanke ke bi. Waɗannan su ne hanyoyin keke mafi kyau da na gani a Yamai: a miƙe suke, babu mota, ruwa na gudu a gefenka. Matsalar ita ce ba dukansu ke ɓullewa ba. Wata za ka bi ta mai nisa sai ta ƙare a bakin magudana, babu gada, sai ka juyo. Taswirar waya tana nuna filin, amma ba ta san inda aka ɗora katako aka yi mahaye ba, ba ta kuma san inda aka saki ruwa jiya ya mayar da hanya taɓo ba.

Matambayi ba ya ɓata. Wani dattijo da na tarar yana gyaran bakin fangalinsa da fartanya shi ya warware mini. Bayan mun gaisa ya tambaye ni daga ina, na ce Tawa. Ya yi murmushi ya ce ai mutanen Adar albasa suka sani, me ya kawo ni cikin shinkafa? Na ce kallo. Ya ɗan yi shiru, ina jin abin ya zo masa baƙo a ce mutum ya bar barcin safe don ya kalli inda wasu ke aiki. Sannan ya tsuguna ya zana mini filin a ƙasa da tsinke. Ya ce, "Malam, kar ka bi ƙaramin ruwa, babban ruwa za ka bi. Ƙarami gona yake zuwa ya mutu. Babba shi ke kai ka gidan inji, daga gidan inji kuma ka hau jinga, jinga ba ta yankewa." Da wannan magana na haɗa zagayen gaba ɗaya: shiga ta gefen babban kanal, fita a gidan inji, dawowa ta kan jinga kogi na hagunka.

Na kama wurin a lokuta daban-daban, kuma kowane da kamarsa. A ƙarshen Nuwamba ana yankan ta damana, ko'ina ruwan ɗorawa, ana bugun dami a jikin ganga, ƙaiƙayi na tashi. Bayan ƴan makonni sai filin ya koma taɓo da ruwa kwance, shanu na jan garma, ga gadajen iri kore shar a gefe. A Janairu zuwa Fabrairu ana dashe, mutane a duƙe a jere ƙafafu cikin ruwan sanyi tun da safe. Balbelu suna bin bayan garma ba sa ko tsoron mutum. Zalɓe yana tsaye a bakin magudana. Kirinjijiya kan wuce a garke suna fito. Daga kan jinga kana ganin Sarkawa suna jefa birgi, a gaɓa kuma mata na jiran karfasa da tarwaɗa. Akwai goruba da gawo jefi-jefi. Gawon nan a lokacin ne yake da ganye, tunda shi da damana yake kaɗewa.

Akwai abubuwan da na koya a wurin waɗanda zan so duk mai zuwa ya riƙe. Kunyar da ke tsakanin fangali da fangali ba hanya ba ce, iyaka ce kuma ita ke riƙe ruwan mutum. Taya ɗaya tana iya fasa ta, ruwan da ya biya kuɗinsa ya tsiyaye gonar maƙwabci. In ka haɗu da amalanke ko mai ɗauke da kaya a ka, kai ne mai kaucewa, domin shi aiki yake. Kar ka ɗauki hoton mata suna dashe ba ka tambaya ba. Kuma duk yadda zufa ta dame ka, kar ka tsoma ƙafa a ruwan kanal ko ka wanke fuska da shi. Tsargiya tana cikin irin wannan ruwa mai tafiya a hankali, ƙwayar cutar daga dodon koɗi take fitowa ta shiga ta fata. Manoman dole ce ta sa su shiga, kai babu abin da ya tilasta ka. Ruwan sha ka taho da naka daga gida, gora biyu aƙalla, domin tsakanin Saga da Libore in ka bar kwalta ba lallai ka samu mai ruwan leda ba.

Game da dorina, mutanen bakin ruwa ba sa wasa da zancenta, ni ma ban yi ba. In suka ce kar ka sauka gaɓa a wuri kaza da sassafe, kar ka sauka. Da dare take fitowa kiwo, har shinkafa take ci, kuma wanda ya shiga tsakaninta da ruwa ya shiga hatsari.

Can wajen Libore ne ƙayar aduwa ta cika maganar Baba mai gyara. Na ja keken inuwa na juya shi, yara suka taru, wani ya ɗebo mini ruwa a gwangwani don in gano inda iska ke fita. Cokulan nan suka yi aikinsu. Wanda ke da ƙarfi zai iya zarcewa Ndunga har Kollo, kimanin kilomita 35 daga Yamai, amma ya lissafa dawowa cikin rana. Ni Libore ce iyakata a yawancin fita, in sha koko da ƙosai a bakin hanya in juyo.

Hanya ta uku ba ta ruwa ba ce, ta tudu ce. In ka tsaya a gaɓar gari ka dubi Harobanda za ka hango tsaunuka masu shafaffen kai, ciki har da ukun nan da ake kira ƴan'uwa mata uku. Na tsallaka ta gada ta biyu, na ratsa wajen Kirkisoy inda ake wata shinkafar, na kama hanyar Sayi. Hawan yana farawa a hankali sannan ya tsananta, a nan ne giyar keken ta biya kuɗinta. A sama akwai tashar lantarki ta Goru Banda, ba a matsa mata. Ƙasar wurin jan marmara ce da tsakuwa, sabara da geza ne kawai suka jure ta. Tayar da ta yi daɗi a Saga a nan tsalle take, hannu yana gajiya, kuma a gangara dole ka riƙe birkin baya fiye da na gaba, in ba haka ba tsakuwa ta kwashe ka.

Ladan hawan shi ne abin da kake gani in ka juyo. Kogin gaba ɗaya, da tsibiransa, da gadoji, da koren shinkafa a gaɓa biyu, da garin can cikin hazo. Amma daga nan ne kuma na ga abin da ya tayar mini da hankali. Ƙoramun da ke sauka daga tudun nan sun yi faɗi sun yi zurfi, kuma kowace a bakinta ta tara farin rairayi ta tura cikin kogi. Tudun ya zama fako, an sare itacensa an kai gari an dafa abinci, ruwan sama in ya sauka babu abin da ke riƙe shi, sai ya kwashi ƙasa ya gangara. Kogin da rairayi ya cike cikinsa ba ya ɗaukar ruwa da yawa: da damana ya yi ambaliya, da bazara ya janye har mutum ya ga tsakiyarsa. Manya suna tuna 1985, shekarar da ya daina gudu a Yamai. Ambaliyar Lamorde da fakon nan zance ɗaya ne, kuma sai da na hau da ƙafata na ga haɗinsu. A wasu wurare an haƙa ramukan rabin wata don tare ruwa, irin waɗanda muka saba gani a Adar, kuma inda aka yi su ciyawa ta fito. Sun yi kaɗan ƙwarai in aka kwatanta da girman tudun.

A wannan ɓangare na kafa wa kaina iyaka, kuma ina faɗar ta a fili. Ba na wuce inda nake hango gari. Hanyar Torodi ba ta yawon keke ba ce a halin da ake ciki. Haka Kure, kimanin kilomita 60 a hanyar Doso, inda raƙuman dawa suke. Kowa yana son ganinsu, amma tun harin da aka kai wurin a Agustan 2020 zuwa can ya zama abin da ake yi da izini da shiri, ba mutum ya ɗauki keke shi kaɗai ba. Kafin kowace fita mai nisa ina tambayar mutanen da ke bin hanyar kullum, direbobi da masu kawo itace, kuma ina gaya wa iyalina inda na nufa da lokacin dawowa. Tudu kuwa ba na hawansa sai da abokin tafiya. Daga fadarmu ta shayi na samu matasa biyu da suka sayi kekuna bayan sun ji labarin Saga.

Ta huɗun na bar ta ƙarshe don ita ce kusa da gida, na ɗauka za ta fi sauƙi. Dajin nan ne da aka dasa ya kewaye gari ta arewa da gabas, wanda aka fara a 1965, tsawonsa kimanin kilomita 25, faɗinsa kilomita ɗaya, yawancinsa dogon yaro. An yi shi ne don ya tare wa Yamai iska da ƙura. Inda ya saura, babu wurin da ya kai shi daɗin tuƙi da hantsi: itatuwa a layi, inuwa a haɗe, sanyi na bugun fuska ko da rana ta ɗaga. Rairayi ne dai ke da yawa, sai an rage iskar taya an sa giya mai sauƙi, kuma kada a tsaya da feda. Sai dai ba ka yin nisa layin ya yanke. Nan katanga, can juji da baƙar leda maƙale a rassa, gaba kututture sabon sara. Akwai kuma bukkokin talakawa da ba su da inda za su, waɗanda ban ga laifinsu ba. Na so in bi dajin daga wannan kai zuwa wancan, bai yiwu ba. Guntu-guntu na bi shi, ina fita kwalta ina komawa. Kowace ranar 3 ga Agusta muna dasa itace da biki. Ga wanda iyayenmu suka dasa ya girma ya yi inuwa, shi ne muke bari yana tafiya. Ina roƙon duk mai keke a Yamai ya shiga wurin nan ko sau ɗaya, domin abin da mutane ke zuwa suna gani ya fi wuyar ɓacewa a ɓoye.

Kafin sanyi ya ƙare mun yi tafiya guda mai tsawo, mu uku, zuwa Bubon, garin masu tukwane, kimanin kilomita 25 a hanyar Tillaberi. Mun zaɓi Laraba don ranar kasuwarsu ce. Mun bi kwalta a jere ɗaya bayan ɗaya, muna sauka gefe in babbar mota ta taho, mun nuna katin shaida inda aka tambaya, sannan muka gangara ta hanyar ƙasa zuwa garin. Jirage cike da mutane da kaya suna ta isowa daga tsallake, randuna da tuluna masu zanen fari da ja an jera su a gaɓa. Kafin mu gama zagaya kasuwa rana ta take, don haka ba mu yi gardama da ita ba: muka ɗora kekunan a saman motar kasuwa muka dawo.

Yanzu zafi ya shigo. Na kai wa Baba keken ya kwance sarƙa ya wanke ta da kananzir, ya canza robar birki, ya ciro ƙayoyin da suka maƙale a tsohuwar tayar da ya shimfiɗa. Fitar da nake yi ta ragu zuwa zagayen gadoji, in dawo gida kafin ƙarfe 8 da rabi. Tudu da Bubon sai Nuwamba. Saga kuwa zan leƙa ta a watan Mayu da sassafe, lokacin yankan shinkafar rani, amma ta kan jinga kawai, domin a makonnin nan hanyar gefen kanal ta masu amalanke ce da buhunansu.